Shin Ko Kun San? Allon da Ba a Wanke Shi da Ruwa

Shin ko kun san cewa yaron da ya taɓa zaman makarantar allo ya riga ya san rabin sirrin zane a kwamfuta tun bai taɓa ganin kwamfutar ba? Ɗan ƙanwata ne ya sa na gane haka. Haifaffen Kebbe ne, yana karatun zane-zane a wata kwaleji, ya zo mini hutu nan Tambuwal ɗauke da wani ɗan faranti baƙi mai faɗin littafin rubutu da alƙalamin roba, aron wani malaminsu. Ana jona farantin da kwamfuta, kana jan alƙalami a kansa, zanen na fitowa a fuskar kwamfutar. Na tambayi sunan abin, ya faɗa mini na Turanci. Da muka bi asalin kalmar sai ta kai mu ga allon rubutu. Allo ne kuwa: ka rubuta, ka wanke, ka sake rubutawa, shi yana nan yadda yake. Wannan dai ba ya son ruwa, ba a kuma jingine shi a rana ya bushe.

Shin ko kun san ranar farko ita ce mafi zafi? Yaron da ke zana doki da fensir har ka ji kamar zai yi haniniya, ranar nan ya kasa zana da'ira. Duk wadda ya ja sai ta fito kamar goruba. Hannu na ƙasa, ido na sama yana kallon wani wuri daban, kuma tun yana ƙarami ido da hannun nan ba su taɓa rabuwa ba. Ga santsi: bakin roba a kan roba, babu ɗan karcen nan da takarda ke yi wa fensir. Ya ɗago ya ce mini, "Kawu, wanga alƙalami santsi garai, ba ya jin magana." Maganin da masu sana'ar suka daɗe da sani mai araha ne. A shimfiɗa farar takarda a kan allon, a manne gefenta. Allon na jin alƙalamin ta cikin takardar, hannu kuma ya samu abin da ya saba. Bakin alƙalamin zai fi saurin cinyewa, amma kafin kwana uku goruba ta fara komawa da'ira.

Shin ko kun san alƙalamin nan ba shi da batir? Allon ne ke fitar da wani ɗan ƙarfin maganaɗisu, wata siririyar waya da aka naɗe cikin alƙalamin ta karɓa ta mayar masa, da haka allon ke sanin inda baki yake da yadda aka danna. Kamfanin Wacom na ƙasar Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya yi suna da wannan dabara. Alƙaluman yanzu da yawa na iya bambance matakin dannawa 8,192, daga shafa mai kamar saukar ƙuda zuwa dannawar da ke ba da layi mai kauri.

Kuma sana'ar ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi. A 1963 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna manhajar da ya kira Sketchpad, yana zane kai tsaye a fuskar kwamfuta da alƙalami mai aiki da haske. A 1973 Richard Shoup ya fara fitar da hoto da na'urarsa ta SuperPaint. MacPaint ta zo a 1984, baƙi da fari kawai take iyawa. Photoshop ta shiga kasuwa a 1990, aikin wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll.

Shin ko kun san Photoshop ɗin ta yi shekara huɗu ba ta da abin da yau ake ɗauka shi ne ginshiƙin zanen kwamfuta? Sai a 1994 aka sa mata falle-falle, abin da masu aikin ke ce wa leya. Kamar a jera ledoji masu garai-garai ne, ɗaya bisa ɗaya: sama da gajimare a na ƙasa, gini a na biyu, mutum a na uku, inuwarsa a na huɗu. Ka ɓata mutumin, ka goge fallensa kaɗai, ginin bai san an yi ba. Masu fim ɗin zane sun riga kwamfuta, domin tun 1914 Earl Hurd ya yi rajistar dabarar zana mutum a kan leda mai garai-garai a ɗora bisa bango ɗaya da ba ya canjawa.

A nan ne na fi so mai karatu ya ɗan tsaya. Da yaron ke faman gane falle-falle, sai na shiga ɗaka na ɗauko masa wani tsohon Alƙur'ani rubutun hannu da muka gada, warwaro ne cikin gafakarsa ta jar fata. Na ce ya duba shafi ɗaya da kyau ya gaya mini yadda aka yi shi. Ya duba. Baƙaƙen da baƙar tawada, ta gawayi da ƙaro. Wasulla da ja. Hamza ɗigo ne rawaya. Wani wurin ɗigo kore. A gefe ga zayyanar da ke nuna hizbi. Marubucin bai riƙa sauya alƙalami a kowace kalma ba. Ya gama baƙin, ya bar shi ya bushe, ya dawo ya bi da ja, ya sake dawowa da rawaya, zayyana ta zo daga baya. Kowane launi da zagayensa, kowane zagaye da alƙalaminsa. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Ashe falle-falle ne." Daga ranar bai ƙara cakuɗa layi da launi a falle ɗaya ba. Garin nan da muke zaune, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ne ya riƙe shi a matsayin ribaɗi, malami ne kuma mawaƙi, gidan alƙalami da tawada. Irin waɗannan rubuce-rubuce suna nan ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da yawansu a kan takardar da aka yo a Italiya, wadda in ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Ni a ganina duk ɗalibin zane na jihar nan ya kamata ya je ya zauna da su yini guda kafin ya taɓa kowace manhaja.

Shin ko kun san maɓallin da ya fi kowane daɗi shi ne ya fi kowane haɗari? Na janye kuskure nake nufi. A kwamfuta Ctrl da Z ne, a manhajojin waya da yawa kuwa yatsa biyu za ka taɓa fuskar da su, layin da ka ja ya ɓace kamar ba a yi ba. Na zauna kusa da yaron na ƙirga: layi ɗaya na wuyan raƙumi ya ja ya janye har sau goma sha huɗu. Da fensir da sau ɗaya zai ja, ya zauna da abin da ya samu, ya gina sauran a kansa. Mai ƙunshi idan ta ɗora lalle a hannun amarya ba ta da janyewa, shi ya sa take tsayawa ta duba tafin hannun kafin ta fara, shi ya sa kuma hannunta ba ya rawa. Wannan tsayawar ce nake tsoron kada allon lantarki ya raba yaranmu da ita. Na roƙe shi kowace safiya ya yi zane ɗaya na minti goma ba tare da ya janye komai ba. Ya ce abin da wuya, amma ya yi.

Shin ko kun san a fuskar waya in aka haɗa ja da kore rawaya ake samu? Gwada haka da fentin gwangwani, abin da za ka samu wani ruwan ƙasa ne mai kama da taɓo. Dalili kuwa fenti haɗiye haske yake yi, fuskar waya fitar da shi take yi. Kowane ɗigon hoto, wato fiksel, 'yan fitilu uku ne ƙanana: ja, kore, shuɗi. An kunna ukun duka, fari. An kashe duka, baƙi. Kowace fitila na da mataki 256, in ka ninka 256 sau 256 sau 256 sai ka samu launi 16,777,216.

Launi miliyan goma sha shida a gaban yaro ɗan Kebbe, sai ya rikice. Zanensa na farko mai launi kasuwa ce, amma ta fito kamar an zuba mata alawa: sama shuɗi shar, ƙasa ja zur, riguna na ƙyalli. Na ce masa ba kasuwarmu ba ce wannan. Hausa ba ta kiran launi da lamba, da abin da ido ya sani take kiransa: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙwai, ruwan zuma, ruwan hoda, ruwan ƙasa, makuba, har da ruwan omo da ya shigo daga baya. In tana son nuna ƙarfinsa sai ta ƙara masa amo, baƙi ƙirin, fari fat, kore shar, ja wur. Abin da manhaja ke yi ke nan da ɗan sandan da ake ja a ƙara wa launi kaifi ko a rage. Akwai kuma wani ɗan kayan aiki mai siffar abin ɗiga maganin ido, wanda in ka taɓa hoto da shi zai tsamo maka ainihin launin wurin. Muka fita da wayarsa da la'asar. Ya ɗauki hoton katangar ƙasa, da buhun gero, da jar fatar da aka rina da karan dafi, da rawanin wani dattijo wanda ya sha baba har yana walƙiya, da sararin sama ta wajen hanyar Jega. Ya tsamo launi goma sha biyu ya ajiye. Abin da ya ba shi mamaki, sama da yake ɗauka shuɗiya ce ashe a lokacin hunturu ta fi kusa da ruwan toka mai ɗan rawaya, inuwar farar riga kuma ba toka ba ce, shuɗi-shuɗi ce.

Fatar mutum ma haka. Sabon shiga yakan ɗauki ruwan ƙasa ɗaya ya shafe fuska, inda yake son haske ya ƙara fari, inda yake son duhu ya ƙara baƙi, fuska ta fito kamar an shafa mata toka. Ku dubi fuskar baƙin mutum a inuwar darbejiya da hantsi: goshi na ɗaukar shuɗin sama, ƙarƙashin haɓa na ɗaukar jan ƙasa, kunci na da ɗan ja-ja. Wankan tarwaɗa daban, baƙi mai sheƙi daban.

Shin ko kun san ba dole sai da allon nan ba? A watan Yunin 2009 mujallar The New Yorker ta fito da bangon da Jorge Colombo ya zana da yatsa a wayarsa yana tsaye bakin titi. David Hockney, babban mai zanen Ingila da aka haifa a 1937, ya haura shekara saba'in kafin ya fara zane a waya, yana tura wa abokansa furanni da safe. A nan gida kuwa akwai Osinachi, ɗan Aba, wanda ya koyi zane da Microsoft Word, manhajar buga wasiƙa, ya kuma zauna a kanta har gidan gwanjon Christie's ya sayar da ayyukansa a Landan a 2021.

Manhajoji kuma ba duka ake biya ba. Krita kyauta ce gaba ɗaya, masu sa kai ke gina ta, sunanta ma da harshen Suwidin alli yake nufi. ibisPaint ta Japan, wadda ta fito a 2011, tana aiki a wayar Android da ke aljihun yawancin samarinmu, tana kuma naɗe yadda aka yi zane tun daga layin farko, ta yadda ɗalibi zai kalli aikin wanda ya fi shi mataki-mataki. Procreate da ake ta yabo, ta wani kamfani ce a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, amma sai a na'urorin Apple take aiki. Wanda ba shi da alƙalamin waya zai iya haɗa nasa: tsinken goge kunne mai auduga, a naɗe jikinsa da takardar alminiyon ta yadda za ta taɓa audugar, a ɗan jiƙa bakin kaɗan. Fuskar waya lantarkin jikin mutum take ji, alminiyon ɗin ne ke kai shi daga yatsu zuwa baki.

Shin ko kun san tsofaffin masu zane na da dabarar kama kuskurensu da madubi? Leonardo da Vinci ya ba da wannan shawara shekara ɗari biyar da suka wuce: ka kalli aikinka ta madubi, zai zame maka kamar na wani, aibinsa ya fito. Yau maɓalli ɗaya ne ke juya zanen dama ta koma hagu. Da yaron ya gwada a kan wata fuska da yake alfahari da ita, sai ga ido ɗaya ya fi ɗaya tudu, hanci ya karkace.

Shin ko kun san abin da ya yi kyau a waya kan iya mutuwa a takarda? Injin ɗab'i da tawada huɗu yake aiki, shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, ba zai iya kai ƙyallin fitila ba, musamman kore shar da shuɗi mai kaifi. Sannan girma: zanen da za a buga a takardar A4 da kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato 2,480 a faɗi, 3,508 a tsawo, kusan fiksel miliyan tara. Wanda ya fara a ƙaramin fili ba zai iya buɗa shi daga baya ba, sai ya dagargaje. In za a tura wa mai buga bana ko katin biki ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin hoto manhajar na matse shi. A kuma riƙe asalin aikin mai falle-falle daban, don JPEG manne su take yi su zama ɗaya. Mai sa rubutun Hausa a zanensa ya gwada salon haruffan tukuna, da yawansu ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai su bar ɗan akwati a wurin.

Zafin bazararmu, da kan haura digiri 40, maƙiyin batir ne, kada a yi zane waya na caji tana ƙuna a hannu. Ƙurar hunturu kuma in ta kwanta a allo sai alƙalami ya riƙa jan ta yana karce shi, a goge da ƙyalle mai laushi kafin a fara. Yaron ya yi asarar aikin awa uku ranar da wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar kuma ya riga ya mutu. Tun daga nan duk bayan 'yan mintuna yake adanawa.

Shin ko kun san tambayar "me zan zana?" an taɓa yin ta a Zariya da babbar murya? A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane. Malamansu Turawa na koya musu zanen Turai, su kuma suka ce za su karɓi kayan aikin da dabarun, amma abin da za su zuba a ciki daga gida zai fito. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina sunansa a kai. Yaranmu yau suna gaban irin wannan mararraba, don darussan da suke kallo a intanet cike suke da fuskokin zanen Japan masu manyan idanu. A koyi dabarar, babu laifi. Amma wa zai zana masu yankan shinkafa a fadama, da garken jajayen awaki, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da rumbun ƙasa mai hular ciyawa a ƙauyukan Kebbe, in su ba su zana ba? Manhajojin nan da suka bazu tun 2022, masu ƙirƙiro hoto daga umarnin rubutu, na gwada neman ɗaya ta yi mini mahayin doki na hawan salla, ta naɗa masa rawanin da ban taɓa ganin irinsa a ƙasar Hausa ba. Abin da ba a zana an ajiye ba, na'ura ba ta da inda za ta koye shi.

Na san akwai gidajen da ba sa sakin jiki da zanen abu mai rai, malamai kuma sun yi magana a kai, kowa ya nemi fatawa inda ya amince. Filin da ya rage ma ba ƙarami ba ne. Krita da ibisPaint duk suna da ma'aunin da in ka ja layi ɗaya zai maimaita shi ta fuska huɗu ko takwas a lokaci guda. Dagin Arewa, zanen hula, zayyanar allon sauka, adon bango irin na gidajen Zariya da Kano, duk a kan irin wannan maimaici aka gina su. Mai ɗinkin hula zai iya ganin launi goma a kan zane ɗaya kafin ya sayi zare ko ƙulli guda.

Shin ko kun san an taɓa sayar da zanen kwamfuta dala miliyan 69? A watan Maris na 2021 ne, aikin wani Ba'amurke, Mike Winkelmann, da ake kira Beeple. Samari na son jin wannan adadi, ni kuwa ɗaya adadin ya fi tsaya mini: hoton tarin zane 5,000 ne, ɗaya kowace rana tun daga 1 ga Mayu 2007, sama da shekara goma sha uku ba fashi.

Ɗan ƙanwata ya koma makaranta ya mayar da allon aro, yanzu da yatsa yake yi a wayarsa. Shekaranjiya ya turo mini zanensa na ashirin da uku, a matsayin fayil kamar yadda muka yi. Gafakar nan ce ta jar fata, ajiye a kan buzu, bakinta a ɗan buɗe ana hango gefen takardu. Ya rubuto a ƙasa cewa falle huɗu ya yi, baƙi da ja da rawaya da kore, jan kuma wanda ya tsamo ne ranar da muka fita da la'asar.